Hannun Auta a Baƙi da Fari

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana ɗaukar hoton biki, kuma a cikinsu babu amarya ko ɗaya da ta fito da ƙurji a hotonsa. Kowa ya san shi da Ɗaga-Haɓa, domin ba ya danna kyamara sai ya faɗi haka sau uku, ko da jariri ne a gabansa. Hatta matarsa da sunan take kiransa in ya ɓata mata rai. In ana zaman lafiya kuwa Baban Yara ne, duk da yaran sun girma sun watse, babban yana aiki a wani gari, ƙaramar tana ɗakin mijinta.

Shagonsa ɗaki guda ne a ƙasan wani bene, tsakanin tela da mai gyaran waya. Akwai labule uku a bango, da kujera mai hannu da aka sake wa fata sau biyu, da fitilu biyu masu lema, ɗaya sai an make ta take kamawa. Tun zamanin fim ya koyi aikin, a hannun wani tsoho mai gyara fuskar mutane da fensir mai tsini. Tsohon ya sha gaya masa cewa ba wanda ke zuwa wurin mai hoto don a nuna masa abin da madubi ke nuna masa kyauta. Ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Da kwamfuta ta zo, sai abin ya zame masa kamar numfashi. Tabo, tamoji, zufa, jan ido, haƙorin da ya kauce daga layi, duk kafin mai hoton ya dawo an share su. Akwai angon da ya taɓa tsayawa yana kallon hotonsa har ya tambaya ko wannan ƙanensa ne.

Yana da wata doka ta biyu da yake taƙama da ita. Da zarar ya buga hoto ya sa a ambulan, sai ya goge na asali daga katin kyamara da kwamfuta baki ɗaya. Dalili kuwa, wani ƙanen ango ya taɓa zama a gaban kwamfutarsa da sunan zaɓen hoto, ya kwashi wanda amarya ke hamma baki a wangale, ya raba wa dangi. Uwar amaryar ta zo har ƙofar shago ta yi masa tatas, tela da mai gyaran waya suna ji. Tun ranar ya rantse ba mahalukin da zai sake ganin hotonsa kafin a gyara.

Sai annoba ta zo, aka sa dokar kulle. Cikin mako guda duk bikin da aka sanar da shi ya rushe. Ya rufe shago, ya kwaso kyamara da kwamfuta da injin buga hoto ya jibge su a tsohon ɗakin yara. Mutumin da ya saba daka wa mutum ɗari biyu tsawa su matsa hagu su matsa dama, yanzu ba shi da wanda zai yi wa tsawa sai rediyo. Ya kuwa yi mata. Ya zagi mai karanta sanarwa, ya zagi wanda ya rubuta masa, ya zagi takunkumin fuska da ke cinye rabin abin da Allah ya halitta don a ɗauka. Abin da ya fi ƙona masa rai, ya san sarai ana biki a bayan dogayen katangu, baƙi kawai aka rage, aka miƙa wa wani ɗan'uwa waya ya ɗauka. Hotunan na yawo, amarya da rabin kai, ango ido a rufe. Yakan cusa wa matarsa wayar a fuska yana masifa, sai ka ce ita ta ɗauka.

Matarsa malamar firamare ce, ita ma kullen ya zaunar da ita. Wata guda ta jure, sannan ta ce masa ko dai ya nemi abin da zai ɗauka, ko ya nemi wani gidan da zai riƙa yin wannan gunaguni.

Ya fara da abin da ke gabansa. Ya ga wata dabara a bidiyo, ta juya gilashin kyamara gaba ya koma baya don ƙananan abubuwa su fito manya. Ya ɗauki kafar allura, ya ɗauki ƙwayar gishiri, ya bi wani ƙuda ɗaki-ɗaki yini guda. Matarsa ta rantse ta ji shi yana ce wa ƙudan ya ɗaga haɓa. Daga nan ya koma kan tsuntsaye. Ya kafa kujera a bakin taga yana gadin tattabarun maƙwabci, ya danna kusan sau ɗari huɗu, yawancin hotunan wutsiya ce kawai da wayar lantarki. Ya ce tsuntsu ba shi da tarbiyya. Ran da aka ba da 'yan sa'o'i na fita cefane, ya yi sammako don ya ɗauki titin kasuwa babu kowa a kai. Wani jami'in tsaro ya tsare shi a rana rabin awa yana tambayarsa wa ya ba shi izinin ɗaukar hoton titi. Ya dawo gida ya cika ya batse, ko albasar da aka aike shi bai sayo ba.

'Yarsa ce ta ji tausayin uwarta, ta sa shi a wani zauren masu hoto a waya. Ranar farko ya ɗora hoton amaryar da ya fi alfahari da ita, yana jiran a miƙe tsaye. Wani ya rubuta: “Baba, wannan mutum ce ko 'yar tsana?” Wata ta ƙara da cewa fuskar ba ta da ko ramin gashi ɗaya. Kwana uku yana rubuta musu amsa yana gogewa. Ya gaya wa matarsa cewa lokacin da ya fara wanke fim waɗannan ba su san hanyar makaranta ba. Amma in ta shiga kicin, sai ya buɗe nasu hotunan yana leƙe. Akwai masu baƙi da fari da suka tsaya masa a rai, fuskar wani dattijo, da takalmi ɗaya a jiƙe a bakin kwata. Bai gaya wa kowa sun burge shi ba. Kawai daga wata na biyar duk abin da ya ɗauka sai ya zare masa launi. Cokali baƙi da fari, labule baƙi da fari, matarsa tana gugar kaya baƙi da fari. Ta duba ta ce ya mayar da ita kakarta a katin shaida.

A cikin haka Auta ta zo.

Auta ƙanwarsa ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, shekara goma sha huɗu tsakaninsu. Tana aji biyu mahaifinsu ya rasu, shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan keke, shi ya aurar da ita, shi ya ɗauki hoton bikin. Mijin ya rasu ya bar ta da yara uku. Tana aikin share-share a babban asibiti, amma ba asibitin ne ya ɗauke ta ba, wani ɗan kwangila ne ke kawo masu shara. Da annoba ta yi tsanani aka tura ta sashen da ake killace masu cutar. Sau biyar a yini suke wanke daɓe da ƙarafan gado da mariƙin ƙofa da banɗaki da ruwan kulorin mai ƙarfi, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tun da aka kai ta can ta daina zuwa gidan kowa, sai dai waya, ita ma a gurguje.

Ta zo da hantsi bayan ta tashi daga aiki, ta tsaya a tsakar gida kusa da ƙofa, ta ƙi shiga ɗaki. Ya fito yana mita cewa yanzu har gidan yayanta ya zama abin ƙyama. Ta zaro hannuwanta daga cikin mayafi ta miƙa su daga nesa.

Daga wuyan hannu zuwa yatsu jawur suke, kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa. Tsakanin yatsun duk ya tsage, wasu wuraren na fidda ruwa. Gaɓoɓin sun dare, jini ya bushe a kai. Farata biyu sun ɗago. Matarsa ta yi salati ta dafe ƙirji. Auta ta ce da farko ana ba su safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, daga baya aka koma ba su 'yar shara-shara wadda ke yagewa kafin a matse tsumma sau biyu, daga baya ma sai aka ce su yi haƙuri kaya na hanya. Wata biyu ke nan kaya na hanya. Yanzu ba ta iya yi wa ƙaramin ɗanta wanka, babbar 'yar ce ke girki, in ruwan alwala ya taɓa ta sai ta cije leɓe.

Ɗaga-Haɓa ya haukace. Ya ce a nuna masa gidan ɗan kwangilar, yau sai ya tsoma masa kai a bokitin kulorin. Ya shiga neman takalmi yana ɗure-ɗuren ashar, kulle ko ba kulle.

“Yaya, ba faɗa na zo nema ba,” in ji Auta. “Hoto nake so. Wanda zai nuna.”

Ta yi masa bayani. Asibitin ya kafa kwamitin karɓar koke, amma saboda cutar ba sa ganin kowa ido da ido, balle wanda ya fito daga sashensu. Takarda za a rubuta, a haɗa da hoto bugagge mai kyau, a jefa a akwatin da ke bakin get kafin azahar ɗin Alhamis. Su goma sha huɗu ne, a ɗakin canja kaya kowacce ta ce ta yarda, da takarda ta fito kowacce ta tuna tana da aiki a wani wuri. Ita kaɗai ta sa hannu. Ɗan kwangilar kuwa ya riga ya tara su ya ce duk wadda ta kai ƙarar da ba ta tabbata ba, ta ɗauki jakarta. Saboda haka hoton nan shi ne bakinta, shi ne shaidarta, kuma abincin yara uku a kansa yake.

Ya daki ƙirji. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ta zo inda ya dace, shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ne.

Ya fito da ƙaramin teburi ya shimfiɗa farin ƙyalle. Rana ta yi ƙarfi, tana fito da komai ɓaro-ɓaro, sai ya ja teburin zuwa inuwar katanga inda haske ke da laushi. Ya ba matarsa farin kwali ta riƙe daga gefe don ya kashe inuwa. Sannan ya ce Auta ta ɗora hannun dama a kan na hagu, ta haɗe yatsu, ta ɗan karya wuyan hannu. Haka yake sa kowace amarya ta yi in za a ɗauki zobe, kuma ko kusa bai lura da cewa shi yake yi ba. Auta ta ce ba gara ta buɗe yatsun ba, tunda a tsakaninsu ciwon ya fi muni? Ya ce ita ta san tsumma, shi ya san kyamara. Da ta nace ya ɗauki biyu yatsu a buɗe, yana yamutsa fuska. Ta ce ranar Alhamis tana bakin aiki, ta ajiye masa takardar koken a kan teburi, ta roƙe shi ya haɗa ya kai da kansa. Ta tafi ba ta sha ko ruwa ba.

Bayan azahar ya zauna a gaban kwamfuta. Da hannun ya cika allo sai hawaye ya zubo masa, domin yana sonta, wannan babu ko shakka. Ya tuna hannun nan yana ƙarami, riƙe da rigarsa a bayan keke. Ya hango a ransa wasu maza biyar a zagaye da teburi suna miƙa wa juna hoton hannun ƙanwarsa suna toshe hanci, sai zuciyarsa ta ƙi. Guda biyun masu yatsu a buɗe ya fara turewa gefe, ya ce sun ɗan girgiza. Jan ya yi yawa, kamar an zuba fenti, za su ce ƙari aka yi, sai ya ɗan rage shi. Da ya rage sai ya ga ai baƙi da fari ya fi, a zauren ma an ce shi ke fito da zafin abu har cikin rai. Ya zare launin. Farcen da ya ɗago yana jan ido daga tsarin hoton, ya ɗan kwantar da shi. Wurin da ke fidda ruwa yana ƙyalli, ya kashe ƙyallin. Tsagar da ke kan gaɓa ta yi baƙi ƙirin, ya ɗan sassauta ta. Kowane gyara ɗan kaɗan ne, kuma hannunsa na yi tun kafin kansa ya yanke shawara. Abin takaicin, da wani ya shigo a lokacin ya ce masa yana ɓoye ciwon, da ya yi rantsuwa cewa fito da shi yake yi.

Hoton ya yi kyau, ba a taɓa yin irinsa a gidan ba. Ya buga guda huɗu manya, ya kira matarsa ta zo ta ga aiki. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye shi ina jan ya tafi. Ya yi mata lacca a kan haske da inuwa. Ta bari ya gama.

“Baban Yara, ka sa guda ɗaya mai launi, yadda ka ɗauke shi. Ɗaya kawai.”

Ya ce to, to, ya ji. Irin “to” ɗin da yake ce wa uwar amarya in ta ce a matso da ita gaba. Tana fita ya zura huɗun a ambulan tare da takardar, ya liƙe baki, ya juya ya goge katin kyamara da na asalin da ke kwamfuta kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru. Bai tsaya ya yi tunani ba, an gama aiki ne kawai, an share wuri.

Ranar Alhamis ya sa takunkumin da ya tsana, ya taka har bakin get ɗin asibiti, ya jefa ambulan a akwati, ya yi wa maigadin wurin harara kamar shi ne ɗan kwangilar. Da ya dawo, abin ya ci gaba da yi masa ƙaiƙayi, sai ya ɗora ɗaya daga hotunan a zauren nan ba tare da ya tambayi mai hannun ba. Ya sa masa suna “Hannun mai aiki”. A karon farko aka yaba masa. Wanda ya yi maganar 'yar tsana ya rubuta cewa Baba ya dawo da ƙarfinsa. Ya karanta wa matarsa wannan sau uku, yana kallonta ta gefen ido.

Washegari aka dakatar da Auta. Aka ce ta zauna a gida har kwamiti ya gama bincike, kada a ce an matsa mata. Ya kira ta ya ce alama ce mai kyau, sun tsorata. Mako ya wuce, biyu, uku. Kwamitin ba ya zama sai ta waya, yau wannan ba shi da lafiya, gobe wancan layinsa ya yanke. Kullum ta kira sai ya ce ta bar komai a hannunsa, wanda duk ya ga hoton nan bai girgiza ba to ba mutum ba ne. A wannan tsakanin ya koma ɗaukar inuwar ƙarafan taga a bango, yana jin kansa wani sabon mutum. Har ya fara cewa in an buɗe gari ba lallai ya koma bin amare ba.

A mako na biyar ta zo da safe. Wannan karon ta shigo har falo, tunda ta daɗe rabonta da sashen. Ta gaida matar yayanta, ba ta gaishe shi ba. Ta ajiye babbar ambulan a kan teburi ta ce Anti ta karanta, ita ta karanta ya ishe ta.

Matar ta karanta a hankali, da muryar aji. Kwamiti ya duba koken, ya kuma nuna hotunan ga likitan fata. Abin da aka gani bushewar fata ce irin ta duk mai aiki da ruwa, babu alamar ƙuna ko rauni. Bugu da ƙari, akwai alamun an taɓa hotunan da kwamfuta, don haka ba za a dogara da su ba. An mayar da maganar ga wanda ya ɗauke ta aiki. A bayan wannan akwai wata 'yar takarda mai layi uku daga ɗan kwangilar, ta sallama. An dawo da hotunan huɗu, an huda gefensu an ɗaure da zare.

Ya miƙe tsaye yana kumfar baki. Makafi ne, jahilai ne, ba su san hoto ba, an saye su, likitan ma wa ya san inda ya yi karatu. Ya ce zai rubuta wa jarida, zai je rediyo, zai nuna musu abin da masana suka faɗa a kan hoton nan. Auta ta bar shi ya yi ta yi. Ta ɗauki hoto ɗaya ta riƙe tana kallo. Sai jiya, da aka dawo mata da su, ta fara ganinsu.

“Hannun wa ye wannan, Yaya?”

Ya ce nata ne mana, haske ne kawai ya…

“Na zo maka jini na fita. Ina jinin?”

Sannan ta ce to ba komai, takardar ta ce tana da kwana bakwai ta ɗaukaka ƙara in tana da sabuwar shaida. Ta ce ya ba ta na asalin, waɗanda bai taɓa ba, har da biyun da ta buɗe yatsu. Ya dubi ƙofar ɗakin yara, ya dubi ƙasa. Matarsa ta kalle shi, ta gane, ta ajiye takardar a cinyarta.

“Ba ka sa mai launin ba,” ta ce. “Kuma ka goge.”

Ya ce ai dokarsa ce, kowa ya sani, shekara nawa. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Auta ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce ta san dokar, tana nan lokacin da uwar amaryar nan ta zo, ita ta ba shi haƙuri ranar. Ta ce ita fa ba amarya ba ce, ba ta ce masa tana neman miji a kwamiti ba. Ta ce wata biyu tana tsoma hannu a wuta don kada yaranta su kwana da yunwa, ta zo wurin mutum ɗaya da ta yarda da shi a duniya, shi kuma kunyar hannunta ya ji. Ba ta ɗaga murya ba.

Ya ce a je wurin sauran matan, sha uku ne, hannunsu na nan yadda yake, yau ɗin nan zai ɗauke su. Ta ce tun jiya ta zaga. Bakwai ba su buɗe ƙofa ba, biyar aka ce mata ba sa nan. Ɗaya ta yi mata magana ta taga, hannuwa a bayanta, ta ce ta rufa mata asiri ta tafi kafin a gan ta. Sun ga abin da aka yi wa wadda ta sa hannu, kuma ba ta ga laifinsu ba.

Sai ya zabura kamar an tsikare shi. Ya ce ta tsaya, ta tsaya, kwana bakwai ai da yawa. Yanzu zai sake ɗauka, a rana tsaka, da launi, ba zai taɓa ko ɗigo ba, ta tsaya a kansa har ya buga. Ya faɗa ɗakin yara ya fito da kyamara yana cusa kati, ya ja teburin falon da hannu ɗaya zuwa bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, takardu suka zube. Bai nemi farin ƙyalle ba. Matarsa ta kira sunansa sau biyu, bai ji ba.

Auta ta taso ba gardama. Ta durƙusa a gaban teburin, ta ɗora hannuwanta biyu a kan katakon, ta buɗe yatsu goma da kanta, ta juya ciki ta juya baya.

Mako biyar ba su taɓa kulorin ba. Jan ya tafi. Tsagar ta haɗe, sabuwar fata ta fito sumul, sai ɗan duhu-duhu a kan gaɓoɓi wanda kowace mai wanki ke da shi. Faratan sun tsiro. Ya sa ido a kyamara, ya matso, ya ja baya, ya murɗa gilashi yana neman ko tsaga ɗaya da ta rage. Ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake nema.

“Ɗauka mana, Yaya,” ta ce. “Yanzu ba sai ka gyara ba.”

Yatsansa na kan maɓallin, bai danna ba. Ta jira shi har rana ta fara ƙona mata bayan hannu. Sannan ta tashi, ta tsince takardar sallamarta daga ƙasa, ta ninke ta sa a jaka, ta yi wa Anti sallama ta fita.